Roba ko ruwa? Wace hanya za ka bi in kana so ka haɗa tamoji a kan siririyar fata

In ka ɗora siririn abu mai tauri a kan abu mai laushi sannan ka matse su, na saman ba ya yarda ya tsuke, ya gwammace ya lanƙwasa, shi kuma na ƙasan ba zai bar shi ya yi ƙaton lanƙwasa guda ɗaya ba, sai su sasanta a tsakiya, a samu tudu da kwari a jere kamar kunyoyin gona. Tamoji kenan, siririn abin saman kuma shi nake kira fata. Wanda duk zai fara aiki a kai, ɗalibi ne mai neman abin da zai rubuta furojet ko injiniya mai son ya yi wa wani abu zane mai ƙanƙanta, tambayar farko da take tsaya masa ita ce da wace hanya zan haɗa su. Hanyoyin da aka fi bi guda biyar ne, kuma wallahi ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, ko da yake hotunan da suke bayarwa a maikiroskof kan yi kama.

Kafin mu shiga, ga lissafin da komai ya rataya a kai, don in ba ka riƙe shi ba duk kwatancen zai zama surutu. A kan roba, tazarar da ke tsakanin tudu da tudu ita ce λ = 2πh(Ef/3Es)^(1/3), inda h shi ne kaurin fatar, Ef taurinta, Es kuma taurin robar, taurin biyun an ɗan gyara su da lambar Poisson, wato ma'aunin yadda abu yake tsukewa a faɗi in an ja shi a tsaye. A kan ruwa kuwa λ = 2π(B/ρg)^(1/4), B shi ne ƙin lanƙwasuwar fatar, ρg kuma nauyin ruwan da za a ɗaga. Ka ɗauki fatar polistirin, wani filastik mai tauri, mai kaurin nanomita 100. In ka ɗora ta a kan robar silikon da aka saba amfani da ita za ka samu tazarar kusan maikiromita 5, in ka ɗora ita dai wannan fatar a kan ruwa za ka samu kusan rabin milimita. Ninki ɗari kenan, kuma ba abin da ya canza sai shimfiɗar ƙasa.

Abubuwan da zan auna kowace hanya da su

Tsada, sauƙi, ɗorewa da haɗari, waɗannan kowa ya san zai duba su. Amma akwai biyu da mutane suke mantawa kuma a ganina su ne suke yanke hukunci. Na farko, shin ka san fatarka? Wato ka san kaurinta da taurinta tun kafin ta yi tamoji, ko kuwa hasashe za ka yi daga baya. Na biyu shi ne maganar aibu. Tamoji ba sa tafiya a miƙe har abada, wani wuri za ka ga tudu ɗaya ya rabu biyu ya yi gwafa, wani wurin fatar ta tsage, wani wurin ta ɗago daga jikin robar, wani wurin kuma duk tamojin sun taru sun zama ninki ɗaya mai zurfi. To kai aibun nan gudunsu kake yi ko su kake nema? Mai haɗa abin raba haske gudunsu yake, mai nazarin yadda zane yake tsara kansa kuwa su ne abincin bincikensa. Hanyar da ta dace da ɗaya sau da yawa ita ce mafi muni ga ɗayan.

Hanya ta ɗaya: a ja roba, a ƙona samanta da filasma ko ozon, a saki

Wannan ita ce wadda kusan kowa yake farawa da ita. Robar ita ce PDMS, wato robar silikon ɗin can, yawanci Sylgard 184 ta kamfanin Dow, ana haɗa ta kashi 10 da kashi 1 na sinadarin da ke daskarar da ita, a cire kumfar iska, a bar ta awa 48 a zafin ɗaki ko ƙasa da awa ɗaya a oben mai digiri 100. Taurinta yana tsakanin megafaskal 1 zuwa 2 gwargwadon yadda aka gasa ta. Sai a yanka ta, a maƙale a abin ja, a ja ta, a saka cikin injin filasmar oksijin, wato iskar oksijin da lantarki ya caje, na sakanni ko mintoci kaɗan, samanta sai ya rikiɗe ya zama wata fata mai kama da gilashi. Da ka saki, shikenan, tamoji sun fito suna gicciye da hanyar da ka ja, har za ka ga robar tana walƙiya da launuka in ka juya ta a haske.

Sauƙi kam ba a magana. In akwai injin filasma a ɗakin gwajin to kusan kyauta ne, kuma fatar ba ta ɗagowa saboda daga jikin robar ta fito, ba manna ta aka yi ba. In babu filasma ana amfani da fitilar ultrabayolet mai haɗa ozon, ita tana cin lokaci sosai, rabin awa zuwa awa ko fiye, tana ba da fata mai kauri da tamoji manya. Da ita ne rukunin Jan Genzer na jami'ar jihar North Carolina a Amurka suka nuna a 2005 cewa ana iya samun tamoji a kan tamoji, ƙanana suna hawa kan manya har hawa biyar.

Toh amma ga inda gizo yake saƙar. Ba ka san fatarka ba. Ba ta da iyaka takamaimai, tauri ne yake raguwa sannu a hankali daga sama zuwa ciki, don haka h da Ef ɗin da za ka saka a lissafi duk kintace ne, kuma in ka canza ƙarfin injin ko matsin iskar ciki ko ma inda ka ajiye robar a cikin akwatin sai sakamako ya canza. Sannan tsagewa. Lokacin da ka ja robar a tsaye ta tsuke a faɗi, da ka saki sai faɗin ya dawo, ita kuma fatar gilashin ba ta miƙuwa, sai ta tsage. In ka duba a maikiroskof za ka ga layukan tamoji a jere tsaf sannan wasu baƙaƙen layuka sun ratsa su a gicciye, kuma a bakin kowace tsaga tamojin hagu da na dama ba sa haɗuwa daidai, ɗaya ya ɗan goce. Yawan ja, yawan tsaga. Gwafa kuma tana yawaita in ka saki da sauri, domin tamoji suna tsirowa a wurare da yawa lokaci guda kuma inda suka haɗu ba lallai adadinsu ya zo ɗaya ba. Saki a hankali yana rage su, shi ya sa abin ja mai sukurun juyawa ya fi hannu nesa ba kusa ba.

Wani abin kuma, bayan filasma saman robar yana son ruwa, amma cikin awoyi zuwa kwanaki sai ya koma ƙin ruwa kamar da saboda ƙananan sarƙoƙin silikon da ke tasowa daga ciki. Tamojin suna nan, halin saman ne ya canza. In aikinka na ɗigon ruwa ne ko na ƙwayoyin halitta to ka sa wannan a lissafi. Haɗari, hasken fitilar na nanomita 185 da 254 yana cutar da ido da fatar jiki, ozon kuma huhu, kada a buɗe akwatin sai an kashe an bar iskar ta fita.

Hanya ta biyu: a fesa ƙarfe a kan roba mai zafi

Wannan ce ta buɗe fagen a 1998, lokacin da Ned Bowden da George Whitesides da abokan aikinsu a jami'ar Harvard suka fesa tururin zinariya a kan PDMS. Zafin fesawar yana kumbura robar, ƙarfen ya zauna a kanta tana kumbure, da ta huce sai ta tsuke ta matse shi. PDMS tana buɗewa da zafi fiye da zinariya kusan sau ashirin, don haka bambancin digiri 80 kaɗai yana ba da matsi sama da kashi 2 cikin 100, wanda ya wuce abin da ake buƙata nesa. Sun samu tazarar maikiromita 20 zuwa 50. Abin lura, in ka saka zinariya mai kaurin nanomita 50 a lissafin sama abin da zai ba ka bai kai maikiromita 10 ba, kaga kenan ba ƙarfen kaɗai ne yake lanƙwasawa ba, saman robar ma ya canza da zafin. Wato nan ma sanin fata rabi da rabi ne, ka san kaurin ƙarfen daga na'urar auna shi amma ba ka san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Tunda tsukewar ta kowane ɓangare ce, ba layuka miƙaƙƙu za ka samu ba, ruɗaɗɗen zane ne mai karkacewa ko'ina, wani wurin kuma zanen ƙashin kifi. Masu bincike Chen da Hutchinson sun nuna a 2004 cewa ƙashin kifin ne ya fi sauke matsi in matsin ya yi yawa kuma daidai yake ta ɓangarori biyu, amma a zahiri fatar ba ta cika samun hanyar kaiwa can ba, sai ta maƙale a ruɗe. Dabarar da su Bowden suka nuna ita ce in ka yi wa robar tudu ko mataki tun wajen zuba ta, tamojin suna jeruwa a miƙe daga bakin matakin.

Tsada ita ce matsalar. Injin fesa ƙarfe mai zuƙe iska babban kaya ne, ba wanda zai saye shi don tamoji kawai, in makarantarku tana da shi to, in babu ka manta. Zinariya ba ta kama roba da kyau sai an fara sa siririn titaniyom ko kuromiyom. Ribarta ɗaya ce babba, fatar tana ɗaukar wutar lantarki. Irin wannan tunanin ne rukunin John Rogers a jami'ar Illinois suka bi a 2006 suka ɗora siraran zaren silikon mai tauri, irin na kayan lantarki, a kan robar da aka ja, suka samu kayan lantarki masu miƙewa.

Hanya ta uku: a yi fatar daban, a auna ta, sannan a ɗora a kan roba

Ni dai in don awo ne wannan nake ba kowa shawara. Ana narka polistirin a ruwan sinadarin toluwin, a ɗiga a kan gilashi ko farantin silikon mai tauri a injin juyi mai wulwula shi da sauri, ya baje ya bushe ya zama fata, a auna kaurinta tana nan a shimfiɗe, sannan a mayar da ita kan robar, ko ta hanyar manna robar a kai a tsoma a ruwa har ta saki gilashin, ko a taso da ita kan ruwa a kwaso. Taurin polistirin sananne ne, gigafaskal 3 da ɗoriya, iyakar fata da roba kuma a fili take. A cikin hanyoyin roba nan ne kaɗai lissafi da abin da ido ya gani suke haɗuwa ba tare da an yi ta kame-kame ba. Fatar nanomita 100 ɗin can tana fara tamoji da matsin da bai kai rabin kashi 1 cikin 100 ba.

Christopher Stafford da abokansa a hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, su suka mayar da wannan hanyar auna taurin siraran fatu a 2004. Kuma ba sai da maikiroskof mai tsada ba. Ka haska jan leza na nanomita 650 ta cikin robar mai tamojin maikiromita 5, ka sa farar takarda nisan mita ɗaya, za ka ga ɗigo a tsakiya da wasu biyu hagu da dama kowanne kusan santimita 13 daga tsakiyar. In tamojin a jere suke ɗigon zai fito tas, in gwafa ta yi yawa sai ya baje ya zama ɗan baka. Da ruler kawai ka samu tazara, ka kuma samu labarin aibun.

Sai dai ka kula da wani tarko a lissafin. Tauri yana tafiya da (λ/h) sau uku a kan kansa, don haka kuskuren kashi 10 a kauri yana zama kusan kashi 30 a tauri. Haka ma taurin robar, kada ka ɗauko shi daga takardar wani, ka auna taka, domin tsawon gashi da zafin oben suna canza shi. Tushen na uku da ke cikin lissafin, wato (1/3) ɗin nan, yana da wani gefen kuma, in kana so ka ninka tazara ta hanyar canza roba sai ka rage taurinta sau takwas, alhali ninka kaurin fata kawai ya isa. Mutane suna ɓata lokaci suna wasa da haɗin 10 da 1 zuwa 20 da 1 suna jiran babban canji.

Aibunta daban ne da na filasma. Fatar manna ta aka yi, don haka in matsi ya yi yawa tana ɗagowa ta yi bororo, ƙura ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta zama cibiyar gwafa, ruwan da ya maƙale tsakani ma haka. In mannewar ta yi kyau kuma ka ci gaba da matsawa, wajen kashi 20 cikin 100 za ka ga wani abin sha'awa, kwari ɗaya ya zurfafa na kusa da shi ya yi sama-sama, bi da bi, tazarar ta ninka, Fabian Brau da Pascal Damman da sauransu sun yi bayaninsa a 2011. Toluwin yana kama wuta kuma shaƙarsa ba kyau, a yi shi a akwatin zuƙe hayaƙi. Hannu kuma sai ya saba, fatun farko yawanci yagewa suke.

Hanya ta huɗu: a bar fatar tana yawo a kan ruwa

Nan ne abin yake da daɗi in aibun kake nema. Roba tana riƙe fata ta kowane ɓangare, inda tudu ya tsiro nan zai zauna, in gwafa ta fito ta fito kenan sai dai ka sake ja ka saki. Ruwa kuwa ba ya riƙe komai a gefe, sama da ƙasa kawai yake turawa, saboda haka tamoji suna iya zamewa, gwafa tana iya tafiya ta haɗu da wata su ɓace, kuma duk a idonka, da kyamara ta yau da kullum ma ana ɗauka. Abin da kake gani ya fi kusa da abin da fatar take so da kanta, ba tarihin yadda hannunka ya saki sukuru ba.

Yadda ake yi, ka karce gefen fatar da reza a kan gilashin, ka tsoma gilashin a ruwa mai tsabta a karkace a hankali, ruwan sai ya shiga tsakani, fatar ta saki ta hau saman ruwa, da kyar kake ganinta sai ka kalle ta ta gefe launinta ya nuna. Numfashinka kaɗai yana tura ta bakin kwano, in ta manne a can ta tafi. In ka ɗiga ɗigon ruwa ɗaya a tsakiyarta, nan take tamoji za su fito daga bakin ɗigon su bazu waje ta kowane ɓangare su tsaya a wani nisa. Wannan gwajin ne rukunin Narayanan Menon da Thomas Russell a jami'ar Massachusetts ta Amherst suka wallafa a 2007, suka nuna cewa ƙirga adadin tamojin da auna tsawonsu ya isa a fitar da kauri da tauri.

In ba ka da injin juyi ma akwai mafita, ledar poliyesta mai kaurin maikiromita 10 a kan ruwa tana ba da tazarar kusan santimita 1.6, da ido ake gani. Da irinta Luka Pocivavsek da abokansa a Chicago suka nuna a 2008 cewa in matsawar ta kai kusan kashi ɗaya cikin uku na tazarar tudu ɗaya, sai tamojin su daina girma tare, ɗaya ya zurfafa ya zama ninki, sauran su kwanta. Ka lura, kashi ɗaya cikin uku na tazara, ba na tsawon ledar ba. Ma'ana doguwar leda tana faɗawa ninki da ɗan matsi kaɗan, wannan kuma shi ne babban rashin ruwa in kana son fili mai faɗi cike da tamoji masu zurfi.

Inda ruwa ya yi wa kowa fintinkau shi ne maganar lanƙwasar siffa. Ka ɗauki fatar da aka yi a kan ƙwallo ka shimfiɗa ta a kan ruwa, ko fata miƙaƙƙiya ka ɗora a kan ɗigo mai tudu, siffofin biyu ba sa jituwa, dole wani tsawo ya yi rara, rarar kuma tamoji take zama ba tare da kowa ya matsa komai ba. A nan tazarar da fatar take so tana iya canzawa daga wuri zuwa wuri, layukan kuma suna buɗewa ko suna matsewa, to ta ina za a ƙara sabon tudu in ba ta gwafa ba? Kaga a nan gwafa ba kuskuren hannu ba ce, siffar ce ta tilasta ta. Hillel Aharoni da Eleni Katifori da abokansu sun nuna a 2017 cewa ana iya lissafa tamojin da irin lissafin da ake yi wa ruwan kiristal mai hawa-hawa, wato ruwan da ƙwayoyinsa suke jeruwa layi-layi, aibunsu iri ɗaya ne. A 2022 kuma Ian Tobasco da Joseph Paulsen da Katifori da sauransu suka fitar da ƙa'idar da ke faɗin inda layuka za su bi daga siffar da aka yanka fatar kawai, da inda zanen zai fito a jere da inda zai ruɗe, kuma sun nuna cewa yankin ƙwallo da yankin sirdi zanensu yana da alaƙa da juna.

Tsada, kusan babu mai arha kamarta. Ɗorewa kuwa sifili, ruwan ya girgiza ko ya ƙafe shikenan, hoto da bidiyo kaɗai za ka tsira da su. Kuma tsabta tana da wuya fiye da yadda ake zato, ɗan maiƙon yatsa ko ragowar sabulu a kwano yana canza jan saman ruwa, jan nan kuma yana cikin lissafin siraran fatu, har a bakin fatar za ka ga manyan tamoji suna rarrabuwa zuwa ƙanana saboda shi.

Hanya ta biyar: filastik mai tsukewa da zafi

Takardar polistirin ce da aka ja tun a masana'anta, in ka gasa ta wajen digiri 150 sai ta koma ƙasa da rabin girmanta. Ka shafa mata ƙarfe ko wata fata mai tauri kafin gashin, ka samu tamoji masu zurfi a cukurkuɗe, ƙanana kan manya. Michelle Khine ce ta yi suna da wannan dabarar. Da ta huce ta daskare, zanen ya zauna daram, ba ya kwancewa. Amma matsin ya wuce inda lissafin sama yake aiki nesa, ba ka iya tsayar da shi a tsakiya yadda kake so, kuma ba a komawa baya. Ta haɗa kaya ce, ba ta nazari ba.

| Hanya | Tsada | Sauƙi | Ɗorewar zane | Sanin fata | Aibun da ya fi yawa | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Roba da filasma ko ozon | kaɗan in akwai injin | sosai | mai kyau, halin saman yana canzawa | rauni | tsagewa, gwafa | hasken fitila, ozon |
| Roba da ƙarfe | mai yawa | sai da horo | mai kyau | rabi | ruɗaɗɗen zane, tsagewa | wutar injin, zafi |
| Fatar da aka ɗora kan roba | matsakaici | sai hannu ya saba | matsakaici | sosai | ɗagowa, ƙura | toluwin |
| Fata a kan ruwa | kaɗan | saiti mai sauƙi, tsabta mai wuya | babu | sosai | ninki, gwafa mai motsi | toluwin in fatar ta polistirin ce |
| Filastik mai tsukewa | kaɗan, ban da shafa ƙarfen | sosai | mafi kyau | rauni | cukurkuɗewa | oben |

Akwai ta shida da ban sa a tebur ba don ta masu buƙata ta musamman ce, ƙwallon roba mai rami a ciki da fata mai tauri a waje, a zuƙe iskar ciki ya tsuke. Rukunin Pedro Reis a jami'ar MIT ta Amurka sun yi aiki a kai wajen 2014 da 2015. Da matsi kaɗan saman yana cika da ƙananan ramuka kowanne da maƙwabta shida, in aka ƙara sai ya koma ruɗaɗɗun layuka. Kuma a cikakken ƙwallo ba yadda za a yi duka su samu maƙwabta shida, ƙa'idar lissafin siffofi ta Euler ta wajabta a samu rarar masu maƙwabta biyar guda 12 ko da ka fi kowa iya hannu. Haɗa ƙwallon da kaurin fata iri ɗaya ko'ina shi ne wahalar.

To wa zai ɗauki wacce

In kana son fili mai layuka don raba haske, ko jera ƙwayoyin halitta, ko canza yadda abu yake mannewa, kuma ba ruwanka da ainihin taurin fatar, ɗauki filasma, ka ja kaɗan, ka saki a hankali. In tsagar tana damunka, ka zuba sabuwar roba ko wani filastik a kan wanda ya fi kyau a cikin waɗanda ka haɗa ka kwafe zanen, kwafin ba shi da fatar gilashi don haka ba zai ƙara tsagewa ba, ko da yake tabon tsagar da ta riga ta faru zai bi shi. In ƙashin kifi mai tsari kake so, ka ja ta ɓangarori biyu amma ka saki ɗaya bayan ɗaya, sakin lokaci guda ruɗewa yake kawowa.

In lamba kake nema, taurin wata sabuwar fata ko gwada lissafi da zahiri, hanya ta uku, kuma rabin ƙoƙarinka ya tafi wajen auna kauri da taurin robar. Kada ka yi wannan aikin da filasma sannan ka zo kana mamakin me ya sa lambobinka ba sa maimaituwa.

In dole zanen ya ɗauki wuta kuma ya miƙe, ƙarfe a kan roba. In dole ya ɗauki wuta amma ba sai ya miƙe ba, kana son faɗin sama mai yawa a ɗan wuri kamar na abin gano sinadari, filastik mai tsukewa ya fi arha kuma ya fi ɗorewa.

In kuwa tambayarka ita ce me ya sa gwafa take fitowa a nan ba can ba, yaya take tafiya, yaushe tamoji suke zama ninki, to ruwa, ba ma sai an yi dogon tunani ba. Ɗalibin da ba shi da kayan aiki sosai ya fara da ledar maikiromita 10 da kwano mai faɗi da sanduna biyu na matsawa da kyamara a gefe, in ya ga ninkin ya fito ya auna shi, daga nan ya nemi injin juyi ya sauko zuwa nanomita.